Littattafai Tamanin a Kati Ɗaya

Tun yana saurayi abokan aikinsa a gidan rediyo suka laƙaba masa Mai Kunne, sunan kuma ya bi shi har bayan ritaya. Dalili kuwa, wata rana ana tsakiyar ɗaukar shiri ya ɗaga hannu ya ce a dakata, akwai abin da ke kuka. Aka yi tsit, kowa ya kasa kunne, ba wanda ya ji komai. Sai da aka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, sannan aka tarar da wata fitila tana 'yar ƙara a can ƙarshen baranda. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gaban na'urar haɗa sauti. Da ya ajiye aiki, sai ya share ɗan ɗakin da ke kusa da gareji, ya sa tebur da kwamfuta da lasifika biyu, ya rataye tsohon hedifon ɗinsa na sawa a kunne a ƙusa. Nan yake wuni yana yi wa mutane 'yan gyare-gyare, wannan a juye masa tsohon kaset, wancan a cire masa hayaniya daga jawabi.

Wata Talata da hantsi ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida da sanda, a hankali, sau uku. Da ya buɗe sai ya ga mace doguwa, ba za ta wuce shekara arba'in da biyar ba, da baƙin tabarau da farar sanda, jaka rataye a kafaɗarta. Bayan sun gaisa ta ce ita malamar tarihi ce a makarantar sakandare, kuma ita ke kula da ɗakin karatu na ƙungiyar masu lalurar gani.

"Baba Injiniya, an ce min idan kai ba ka iya ba, to in haƙura," in ji ta.

"Wanda ya faɗa miki haka bai san mutane da yawa ba. Shigo, Malama. Akwai matattakala ɗaya a gabanki."

Ta zauna, ta fito da kayanta a kan tebur. Akwai ɗan rediyo mai cin kati, bai fi tafin hannu ba, da wata ma'ajiyar kwamfuta mai igiya. Ta yi masa bayani dalla-dalla. A cikin shekara goma sha biyu masu sa kai sun karanta musu littattafai tamanin an ɗauka, na makaranta da na labarai da na kiwon lafiya, jimla awa ɗari uku da arba'in. Yanzu an ba su kyautar irin wannan rediyon guda arba'in. Matsalar ita ce rediyon tsohon yayi ne, ba ya karanta katin da ya wuce giga huɗu. Littattafan kuwa sun kusa giga ashirin.

"Mutanenmu da yawa nesa suke," ta ce. "Wani sai ya yi wata huɗu bai samu mai rako shi ba. So nake kowa ya tafi gida da ɗakin karatun gaba ɗaya a aljihunsa."

Ya jona ma'ajiyar, ya duba fayilolin, ya ɗan sosa gemu.

"Kin ga, Malama, waɗannan an riga an matse su sau ɗaya. Yadda abin yake, na'ura kan saurari murya, ta zubar da duk abin da take ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba. An yi wannan tun ranar da aka adana su. Yanzu so kike in sake matse abin da aka matse, har ya koma kashi ɗaya cikin biyar."

"Zai yiwu?"

"Zai yiwu. Magana ce, ba kiɗa ba. Magana tana da haƙuri."

Kwana shida ya yi a kai. Da farko ya lura an adana kowane littafi a layi biyu, na kunnen dama da na hagu, alhali mutum ɗaya ne ke magana, rediyon kuma lasifika ɗaya gare shi. Ya haɗe su suka zama ɗaya. Sannan ya koma kan lambar da ke nuna yawan abin da ake ware wa kowace daƙiƙa ta sauti. Tana kan ɗari da ashirin da takwas. Ya sauke ta zuwa sittin da huɗu, ya saurara, lafiya lau. Ya sauke zuwa arba'in da takwas, zuwa talatin da biyu, yana saurara, bai ji abin da ya canja ba. A ashirin da huɗu lissafi ya fita, har da ɗan sarari. Ya kuma sa kwamfuta ta datse duk shirun da ke tsakanin jimloli, don a ƙara samun wuri. Ya jingina da kujera yana jin daɗin kansa, har ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta gani.

Ta leƙo da tsumman goge hannu a kafaɗa. "Me zan gani? Ni lambobi kawai nake gani."

"Ɗakin karatu guda ne a cikin abin da bai kai farcenki ba."

"To, Allah ya sa su ji daɗinsa. Shayinka yana can yana hucewa."

Ya kai wa Malama kati biyar na gwaji. Mako bai cika ba ta kira shi, ta ce idan da hali ya ɗan biyo ta ɗakin karatun.

Ɗakin yana ƙasan wani tsohon bene, tsakanin shagon ɗinki da kantin magani. Dogon tebur ne a tsakiya, kujeru takwas, sai kabad cike da manyan littattafai masu rubutun taɓawa. Komai yana da mazauninsa, har kofuna a jere suke kamar an auna da ma'auni. Malama ta sa aka kawo masa ruwa.

"Baba, ka yi ƙoƙari, wallahi. Komai ya shiga. Amma akwai 'yar magana. Wata daga cikinmu ta kira ni jiya tana dariya har da shaƙewa. Ta ce tun yaushe muka fara koyar da sata?"

"Sata kuma?"

"Littafin kiwon lafiya ne, babi na huɗu, yadda ake kula da fata. Ita kuwa abin da ta ji shi ne yadda ake kula da sata. Ta ce ta saurara har ƙarshe ko za ta ƙaru."

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Sannan ta kunna rediyon ta tura masa gabansa. Muryar mace ce siririya, tana karatu a natse.

"Ka ji? Kamar tana magana daga cikin randa. Duk inda ta zo kan sa ko sha ko tsa, sai ka ji wani ɗan ruwa-ruwa yana bin harafin. Bari ka ji na asalin." Ta lalubi kwamfutar da ke gefenta ta kunna wuri ɗaya. "Ka ji bambancin?"

Ya matso da kujera. Ya ce ta sake. Ta sake kunna wannan, ta kunna wancan. Ya rufe ido, ya tattara hankalinsa duka kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Murya ɗaya yake ji, ba ruwa, ba randa. Ya ce ta ƙara sauti. Ta ƙara. Mai ɗinkin da ya leƙo aron almakashi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai, wannan ta farkon mura take yi ne?"

Mai Kunne ya janye kujerarsa baya. Ya ɗauki kofin ruwan ya kurɓa, ya ajiye.

"Zan duba," ya ce. "Ki ba ni kwana biyu."

Bai hau mota ba, da ƙafa ya koma gida. Yana tafe yana sauraren titi kamar yau ya fara jinsa. Yana jin rugugin manyan motoci, yana jin hon, yana jin mutane suna ciniki. Da ya zo gindin bishiyar da ke kwanar layinsu, ya ɗaga kai ya ga 'yan tsuntsaye cike da reshe, bakunansu na motsi. Ya daɗe a tsaye. Abin da ya iso kunnensa kaɗan ne, kamar daga wata unguwa.

Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a falo. Ya zauna a hannun kujera, bai cire takalmi ba.

"Ke, in tambaye ki. Kina ganin jina ya ragu?"

Ba ta ɗago ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta, ta ɗora a kan 'yan uwanta.

"Shekara biyu ke nan, Malam."

"Shekara biyu! Shi ne ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Na faɗa. Ka ce ni ce nake magana ciki-ciki." Ta ɗauki wata rigar. "Butar shayi tana fito har ta gaji, kana zaune kusa da ita. Firji in an bar shi a buɗe yana ƙara, sai dai in taso daga ɗaki in rufe. Ran da jikarka ta zo tana ba ka labari, rabin amsar da ka ba ta ba ita ta tambaya ba. Yarinya ta zo ta ce min Kaka yana da ban dariya."

Ya sunkuya ya cire takalmi. Can ya ce, "Da kunnen nan na ciyar da gidan nan."

Sai a lokacin ta ajiye wankin ta dube shi. "Ya ciyar, ya kuma gaji. Ni gwiwata ba ta gaji ba? Kai ka raka ni asibiti, ban ji kunya ba. Gobe sai in raka ka."

Washegari suka je. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai laushin bango, irin wanda ya yi rayuwarsa a ciki, aka ba shi maɓalli aka ce ya danna duk sa'ad da ya ji ƙara. Ya danna, ya danna, sannan aka shiga wani dogon lokaci da bai ji abin dannawa ba, alhali ta gilashi yana ganin hannun likitar yana aiki. Da suka fito ta nuna masa takarda. Layi ne ya taho a miƙe, ya zo wani wuri ya gangara. Ba ta buƙaci yi masa dogon bayani ba, ya fi ta sanin abin da irin wannan layin ke nufi. Sautukan ƙasa masu kauri suna nan. Na sama, sirara, inda sa da sha da tsa suke zaune, sun tafi. Ta ce shekaru ne da kuma hedifon na shekara talatin, ta auna shi za a yi masa abin ƙara ji, amma ta gaya masa gaskiya, zai taimaka a hira, ba zai mayar masa da kunnen da ba.

A hanyar dawowa matarsa ta ce, "To, aikin mutanen fa? Mayar musu za ka yi?"

"Ina tunani."

Ranar Asabar ya ɗauki kwamfutarsa ya koma ɗakin karatun. Malama tana jin takunsa ta ce, "Baba Injiniya ne. Kai kaɗai ke jan ƙafar hagu."

Ya zauna, bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya mata cewa ranar nan bai ji bambancin ba ko kaɗan, ya gaya mata abin da likita ta ce. Ya ce shi ya sa ya yi ta sauke lambar hankalinsa kwance, domin abin da na'urar ke zubarwa shi dama ya riga ya daina jinsa.

"Na san abin da za a taɓa, na san yadda za a taɓa shi," ya ce. "Amma ban isa in ce ya yi ko bai yi ba. Idan kina so in haɗa ki da wani, akwai waɗanda na koya wa aiki."

Ta juya fuskarta wajensa. "Na sani tun ranar. Da ka ce in ƙara sauti na gane. Na dai ga ba ni ya kamata in fara faɗa ba." Ta ɗan murmusa. "Wani kuma na me? Kai kana da hannu, ni ina da kunne. Tun ina 'yar shekara tara da shi nake karatu, da shi nake tsallaka titi, da shi nake kama ɗalibin da ke cin abu a bayan aji. Kunna mu ji."

Haka suka fara. Ya yanko minti ɗaya daga littafin kiwon lafiya, ya yi masa matsa iri biyar, ya jirkita jerinsu yadda ba za ta san wanne ne wanne ba. Ya ce mata gwajin sai an yi shi ba tare da mai saurare ya ga allon ba.

"Wannan sharaɗin kam na cika shi," ta ce, suka kwashe da dariya.

Ta saurara ta rediyon kansa, domin shi mutane za su riƙe. Na farko ta ce randa ce. Na biyu ta ce ya yi. Na uku ta ce a sake, sannan ta ce da ɗan ruwa amma ana iya zama da shi. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Yana rubutawa a takarda yana girgiza kai.

Sai kuma ta kawo abin da bai zata ba. "Akwai wani abu, ba na harafi ba. Matar nan a katinka kamar ana korar ta. Ba ta numfashi. Jimla na ƙarewa wata ta hau kanta."

"Shirun na datse, don a samu wuri."

"Mayar mana da shi, Baba. Kai idan kana karatu kana ganin aya, kana ganin inda sakin layi ya ƙare. Mu shirun nan shi ne ayarmu. A nan nake sanin an gama magana, in ɗan juya ta a raina kafin wata ta zo."

Ya mayar. Ya bar datsewar a inda mai karatu ya yi tari, ko ya tashi ya bar na'ura tana ɗaukar ɗaki ba kowa, wanda a wani littafin ya kai minti goma sha ɗaya.

Asabar biyar suka yi suna wannan zama. A ciki suka gano cewa ba kowace murya ke son lamba ɗaya ba. Akwai wani dattijo mai murya kamar ganga da ya karanta littattafan tarihi goma sha tara, shi ko an sauke shi zuwa talatin da biyu ba ya ko gezau. Mai siririyar muryar nan kuwa, ƙasa da arba'in da takwas sai ta fara nutsewa. Ya kuma tambaya ko akwai ɗaukar farko, wadda ba a taɓa matsewa ba, domin matsa daga asali ta fi matsa a kan matsa tsabta nesa ba kusa ba. Malama ta sa aka buɗe ƙasan kabad, aka zaƙulo wani kwali cike da faya-fayai. Na littattafai talatin da ɗaya suka samu. Waɗannan ya yi musu aiki daga tushe, suka fito ƙanana kuma garau, har Malama ta ce tana jin lokacin da mai karatu ke juya shafi.

Duk da haka, da ya tara lissafi a Asabar ta biyar, bai fita ba.

"Sittin da uku ne za su shiga," ya ce. "Sha bakwai sun rage. In kin ce dole tamanin, sai mun koma randa."

Ta daɗe tana murza kan sandarta. "Na so a ce duka ne. Amma gara mutum ya ji sittin da uku da daɗi." Ta nisa. "Ba ni kaɗai zan zaɓa ba, kada a cinye ni ɗanya. Za mu kira taro."

Aka yi taron ranar Lahadi da rana, mutum wajen talatin, har da na tsaye. Mai Kunne ya zo da matarsa, da sabon abin ƙara ji a bayan kunnuwansa, yana ta taɓa shi don bai saba ba. Malama ta karanto sunayen littattafan, aka shiga muhawara. Ɗalibai suka ce ba a taɓa na makaranta. Wata mai saƙa ta ce idan aka cire labaran soyayya ita ma a cire ta daga ƙungiyar. Aka yi ittifaƙi a fitar da tsofaffin littattafan lissafi da aka daina koyarwa da su, da wasu guda shida da ba wanda ya tuna ya taɓa buɗewa. Waɗanda aka fitar za a zuba su a kati na biyu, a yi irinsa guda goma, a ajiye a kabad, mai so ya ara.

Saura littafi ɗaya a cike sha bakwai, sai Malama ta ambaci wani na kiwon zuma, awa tara. Wani tsoho mai gyaran kujeru da ke can ƙarshen tebur ya buga sandarsa a ƙasa.

"Ba za a taɓa min zuma ba!"

"Kawu, kana da amya ne?" wani ya tambaya.

"Ba ni da ita. Amma sau huɗu na saurare shi, kuma duk wanda ya kawo min ƙudan zuma yau zan riƙe su."

Ɗakin ya kaure da dariya. Malama ta juya wajen da Mai Kunne yake. "Baba Injiniya, wa ya karanta na zuman?"

Ya duba takardarsa. "Dattijon nan ne mai kaurin murya. Kuma muna da faifansa na asali." Ya ja kwamfutar, ya yi 'yan lissafe-lissafe, matarsa na leƙen allon ta kafaɗarsa. "In aka sauke shi kaɗan, aka sauke na tarihi guda biyu tare da shi, zai shiga. Amma sai kun saurara kun yarda, ni ba ruwana."

"A kunna," in ji tsohon. "Ni zan saurara da kaina."

Mai Kunne ya matse ɗan yanki na zuman ya sa a kati, aka miƙa wa tsohon rediyon, ya kara a kunne, aka yi shiru ana jiransa. Ya saurari minti guda cur, fuskarsa a ɗaure kamar alƙali. Sannan ya sauke, ya ce ya yi, sai dai a bar masa wannan rediyon, don ya riga ya ɗumi a hannunsa kuma an zo daidai wurin da ake bayanin sarauniyar ƙudan zuma.